Goma Da Goma Ne A Fili, Amma Jari Ba Ɗaya Ba: Diffa Da Manyan Jahohi A Fagen Wasa

Duk lokacin da aka buga gangar kokowar gargajiya ta ƙasa, kasuwanninmu kan sauya kama. Daga babbar kasuwar Diffa har rumfunan Bosso, Tumur da Geskeru, mai awon tattasai yana awo kunnensa na kan rediyo, mai sayar da banda ta jingina salula a jikin kwali, kuma da zarar ɗan jaharmu ya shiga fili sai ciniki ya tsaya cik. In ya yi kaye a ɓarke da guɗa. In ya sha ƙasa a yi tsit, can sai wani ya sake tayar da tsohuwar tambayar nan: wai me ya sa takobi ya fi sanin hanyar Dosso, Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai, alhali mu ma Allah bai hana mu ƙarfafa ba?

Amsoshin da ake bayarwa a bakin rumfa sanannu ne, kuma su ne muke ji daga masu kiran waya a shirye-shiryen wasanni na rediyo. Wasu su ce asiri ne, wasu su ɗora laifi kan alƙalan wasa, wasu su ce ƙuri'a ce ba ta yi da mu. A yau muna so mu ajiye waɗannan a gefe, mu dubi maganar da idon ɗan kasuwa. Duk wanda ya taɓa kasa kaya kusa da shagon babban dila ya san mai tebur na iya fin mai shago ciniki a rana ɗaya, amma in an zo lissafin shekara mai jari ne ke gaba. Abin da ke tsakanin ƙananan jahohi da manya a fagen wasa ke nan, a nan Nijar da ma ƙasashen da suka fi mu kuɗi.

Yadda aka tsara gasar takobi

Idan ba a manta ba, an fara wannan gasa a garin Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Bayansa aka yi su Salma Ɗan Rani na Dosso, Kadade na Tawa, Langa-Langa na Damagaram, Balla Haruna na Yamai da sauransu. Darajarsu ta kai har an raɗa wa filayen kokowa sunayensu: na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa.

Tsarin gasar kuwa babu wariya a cikinsa. Jahohi takwas ne, kowace ta zo da 'yan kokowa goma, jimilla 80. Kowace jaha sai ta kara da sauran bakwai ɗin, ƙuri'a ce ke haɗa mutum da abokin karawarsa, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga layin masu neman takobi, ko da zai ci gaba da kokowa don kare mutuncin jaharsa. Waɗanda suka tsallake kwanakin nan ba su faɗi ba, su ne ake tacewa har a kai ga karon ƙarshe. Bugu da ƙari, gasar zagayawa take yi daga babban birnin wannan jaha zuwa na waccan. Ta haka ne Diffa ta karɓi baƙuncin karo na 43 daga ƙarshen Disambar 2022 zuwa shigowar 2023, inda Kadri Abdu na Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya tafi da takobin a gaban idonmu. A ƙarshen 2023 ya sake ɗauka a Agadas, ya cika shida. A Disambar 2024 kuma Abba Ibrahim na Yamai ya bi shi har gida Dosso ya raba shi da sarautar.

Wannan doka ta goma-goma ita ce babbar kadarar ƙaramar jaha, ya kamata mu san darajarta. Ba a tambayar gwamna nawa ne a baitulmalinsa kafin a ba shi gurbi, ba a kuma rage wa Diffa mutum ko ɗaya don ta yi nisa da Yamai. Ƙofa a buɗe take. Abin tambaya a nan shi ne, wa ke shiga ta ƙofar, kuma da wane shiri?

Lissafin da ba a yi a cikin fili

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jahar Diffa na da mutum 593,821. Damagaram na da sama da miliyan 3 da rabi, Maraɗi miliyan 3 da dubu 400, Tawa miliyan 3 da dubu 300, Dosso kuma ta haura miliyan 2. Ma'ana, duk inda Diffa ta zaɓi ɗan kokowa daga cikin samari ɗari, Damagaram daga cikin ɗari shida take zaɓa. Mai buhu shida da mai buhu ɗaya, in aka ce kowa ya tsinto jan tattasai goma mafi kyau, an san wanda zai fi samun masu sheƙi.

A nan ne sirrin yake. Ƙaramar jaha ba ta rasa gwarzo ɗaya ko biyu da za su iya kayar da kowa a ƙasar nan. Sai dai gasar ta kwana da kwanaki ce, kuma faɗuwa ɗaya ta isa. Jahar da ke da ƙarfafa biyu, in ƙuri'a ta haɗa ɗaya da zaki ran farko, ɗayan kuma ya gurɗe a rana ta uku, shi ke nan zance ya ƙare. Wadda ke da ƙarfafa shida ko bakwai kuwa, ko ta yi asarar uku tana da sauran na kai wa ƙarshe. Haka nan wajen atisaye: gwarzon babbar jaha kullum da tsaransa yake gwada ƙarfi, namu kuwa sau da yawa sai a filin gasa yake fara jin nauyin wanda ya kai shi.

To amma kada mu fake da ƙarancin jama'a mu naɗe hannu. A waccan ƙidaya Agadas ba ta kai mu yawa ba, mutum 487,620 ne, amma Laminu Mai Daba ya kai mata takobi fiye da sau ɗaya. Yamai ma ba ta kai rabin Maraɗi ba, ga shi tana cikin masu ɗauka. Sanin kowa ne 'yan kokowa na sauya jaha, kuma inda aka riƙe mutum da kyau nan yake zama. Wanda ya samu mai gida da ke ciyar da shi, ya ba shi sana'a, ya kai shi asibiti in ya ji ciwo, ba ya waiwayen wani gari. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai kuma wani bambanci da mutanen yamma ba su cika lura da shi ba. A ƙasar Maraɗi ko Dosso kokowa wasan kaka ce: an yanke gero, an cika rumbu, samari sun samu sarari, sai a yi ta karawa daga wannan gari zuwa wancan. A bakin Komadugu kuwa lokacin sanyi shi ne tsakiyar aiki. Saurayi mai ƙarfi yana gonar tattasai yana ban ruwa da inji, ko yana tsinka yana shanya, ko yana kan ruwa wajen su. In aka ce ya bar gona ya tafi sansanin horo na makonni, wa zai biya shi abin da ya rasa?

Abin da Bosso ta gani

Duk wannan lissafin zaman lafiya ne. Mu kuwa mun ga abin da ya fi haka. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci wadda aka yi ta sabuntawa shekara da shekaru. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fitar dare, aka taƙaita sayen mai da taki, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi, waɗanda su ne ƙashin bayan arzikin wannan yanki. A watan Mayun shekarar aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Ranar 3 ga Yunin 2016 aka sake afka wa Bosso, mutane wajen 50,000 suka watse, wasu Tumur, wasu bakin babbar hanya. Sai a 2019 aka ɗage haramcin kamun kifi, a watan Yunin 2021 kuma mutanen Baruwa suka fara komawa gida. Ga ambaliyar Komadugu da ta cinye gonaki a 2019 da 2022.

Mai karatu zai ce ina ruwan wannan da kokowa? Ruwa da tsaki. Ɗan kokowa ba a ofis ake ƙera shi ba. A dandalin ƙauye yake tashi, da yamma ko da farin wata, yana yaro yana kallon yayyensa, makaɗi na zuga shi, wani attajiri ya miƙa masa goro ko turmin atamfa ya kai wa mahaifiyarsa. In babu taron dare babu dandali. In babu babur, ɗan Yebi ba ya zuwa karawa a garin maƙwabta. In dillalin tattasai ya karye, babu mai ba da kyauta. Yaron da ke da shekara goma a 2015, wanda ya kamata a ce yanzu shi ne ke tashen ƙarfi, a rumfar gudun hijira ya yi ƙuruciyarsa. Wannan giɓi ne na tsara guda, kuma ba a cike shi da gina fili. An yi bikin Diffa N'Glaa a Disambar 2021, birni ya samu sabbin gine-gine, mun gode. Amma fili kamar rumfar kasuwa ne, in babu kaya a ciki inuwa kawai ake sha.

Inda kuɗi ke tsaron ƙofa

Domin mu gane amfanin dokar goma-goma, sai mu leƙa ƙwallon ƙafa, inda babu irinta. A babbar gasar ƙasa ba a ware wa kowace jaha kujera, kulob ne ke hawa da ƙarfinsa da aljihunsa. Dubi sunayen da suka yi ta ɗaukar kofi a shekarun baya-bayan nan: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, AS Douanes ta 'yan duwan, US GN ta jandarmomi, AS Police, SONIDEP, NIGELEC. Dukkansu a Yamai suke, kuma kowace na da hukuma ko kamfani a bayanta mai biyan albashi, mai motar safara, mai likita. Kafin su, Sahel da Olympic ne suka daɗe suna cin karensu babu babbaka, su ma 'yan Yamai ne. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin a 1983, Espoir ta Damagaram a 1984, daga nan kofin ya zama ɗan gida a babban birni.

Yanzu a ƙaddara kulob ne daga Diffa. Tsakaninmu da Yamai kimanin kilomita 1,360 ne. Kafin a busa usur an riga an kashe kuɗin mota, masauki da abincin mutum ashirin da wani abu, zuwa da dawowa, 'yan wasa kuma sun isa da kumburarrun ƙafafu. Abokan karawarsu daga gida suka fito bayan sun ci abincin rana. In kuma aka yi sa'a wani yaro ya haska, kafin kakar wasa ta ƙare an kira shi Yamai an ba shi albashi. Wa zai ga laifinsa?

Duk da haka ƙarami na da ranarsa. A watan Oktoban 2010 Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai, Musa Maazu ne ya jefa ƙwallon, alhali Masar ce ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Muka haye gaban Afirka ta Kudu muka je gasar 2012 karo na farko a tarihi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Amma da aka je Gabon, wasanni uku muka buga, uku muka sha kashi. Ranar mamaki daban, zaman gasa daban.

Labarin jami'o'in Amurka

Wannan rabo tsakanin manya da ƙanana babu inda ya fito fili kamar a wasannin jami'o'in Amurka, kuma akwai darasi a ciki. A can jami'a na da ƙungiyoyin wasa da filayen da wasunsu ke cin mutum fiye da 100,000. Daga irin wannan gasa ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya fito a jami'ar Houston kafin ya zama tauraron ƙwallon kwando na duniya. Jami'o'in sun kasu ƙawance-ƙawance, kamar yadda 'yan tattasai ke da ƙungiyarsu 'yan kifi ke da tasu. Kowane ƙawance na shirya gasarsa, ya sayar wa gidajen talabijin izinin nunawa, ya raba kuɗin ga mambobinsa.

Manyan ƙawancen su ne irin su Big Ten da SEC. A 2022 Big Ten ta ƙulla cinikin talabijin na shekara bakwai a kan dalar Amurka sama da miliyar 7, wato miliyan dubu 7, kuɗin da ya zarce kasafin gwamnatin Nijar na shekara guda. Ƙananan ƙawance kuwa abin da suke samu bai taka kara ya karya ba in an gwada da wannan. Har ta kai babbar jami'a kan biya ƙarama kuɗi don ta zo gidanta a lallasa ta a gaban 'yan kallo. Haka Michigan ta yi a 2007, ta biya wata ƙaramar jami'a mai suna Appalachian State dalar Amurka 400,000 a wasan ƙwallon nan tasu da ake runguma a ruga da ita. Baƙin suka karɓi kuɗin, suka kuma doke masu gida 34 da 32.

A ƙwallon kwando suna da doka mai kama da tamu ta goma-goma. A gasar ƙasa da ake yi duk watan Maris, wadda aka mayar ta ƙungiyoyi 68 a 2011, zakaran kowane ƙawance, komai ƙanƙantarsa, yana da kujera. Kuma kamar kokowa, wanda ya faɗi sau ɗaya ya tafi gida. Ana jera ƙungiyoyin daga lamba 1 zuwa 16 bisa ƙarfinsu, a haɗa ta farko da ta ƙarshe. Sau 135 ana wannan haɗi mai lamba 16 ba ta taɓa yin nasara ba, sai a 2018 da wata jami'ar birnin Baltimore da ake kira UMBC ta casa Virginia 74 da 54. Ƙasar ta ɗauki sowa. To me ya biyo baya? UMBC ta faɗi a wasa na gaba, Virginia kuwa ta dawo a 2019 ta ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya.

Wasu ƙananan sun matsa kusa fiye da haka. Butler ta kai wasan ƙarshe a 2010, Duke ta tsira da ƙyar 61 da 59, ta sake kaiwa a 2011 ta sake faɗuwa. A 2013 Butler ta koma babban ƙawance, mai horar da ita kuma kulob ɗin Boston Celtics ya ɗauke shi. Gonzaga ta kai wasan ƙarshe a 2017 da 2021 ba ta ɗauka ba. Tun 2021 da aka yarda ɗalibai 'yan wasa su karɓi kuɗin talla, aka kuma sauƙaƙa musu sauya jami'a, ƙaramar makaranta kan raini yaro shekara biyu, da ya nuna kansa sai mai kuɗi ya zo ya ɗauke. Kai, ko manyan ba su tsira ba: a 2024 jami'o'i goma cikin goma sha biyu na ƙawancen Pac-12 suka watse zuwa inda kuɗin talabijin ya fi tsoka.

Abin da ya hana ƙananan mutuwa abu biyu ne. Na farko kujerar nan da doka ta ba su. Na biyu yadda ake raba riba: duk wasan da wata jami'a ta buga a gasar Maris, ana biyan ƙawancenta wani kaso har tsawon shekaru, ƙawancen kuma ya raba wa 'ya'yansa. Nasarar ɗaya takan zama jarin saura. Iyayenmu mata da ke adashi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Jami'armu da makarantunmu

A nan gida, jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tun 1971 aka aza harsashinta. Na Maraɗi, Tawa da Damagaram sun zama jami'o'i a 2010. Tamu ta Diffa sai a 2014 aka kafa ta tare da na Agadas, Dosso da Tillaberi, kuma ta fi karkata ga ilimin noma da muhalli. Ko a yawan ɗalibai ko a kayan wasa, autar jami'a ba za ta haɗa kafaɗa da wadda ta girme ta da shekara arba'in ba. Maƙwabtanmu na Najeriya tun 1966 suke da gasar jami'o'insu ta NUGA, sun daɗe a kan hanya.

Darasin da ke nan shi ne ƙarami ya fara neman tsaransa na kusa. Damagaram ba ta kai kilomita 500 daga Diffa ba, ana iya zuwa a buga a dawo ba tare da an karya asusu ba. A ƙasa da haka kuma, me zai hana makarantun sakandare na Bosso, Tumur, Geskeru, Shetimari, Maine-Sorowa da Ngigmi su riƙa karawa a kai a kai, gwargwadon yadda hukumomin tsaro suka ga hanya ta ba da dama? Kokowa ba ta cin kuɗi kamar ƙwallo. Rairayi muke da shi har ya yi yawa, ba a sayen takalmi, ba a sayen raga. Ƙaramar jaha ba za ta iya zuba jari a kowane wasa ba, kamar yadda mai ƙaramin jari ba ya sayar da kowane kaya. Nijar kanta lambobinta biyu na gasar Olamfik daga wasan mutum ɗaya suka zo: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdulrazak Alfaga a takwando a 2016.

Abin da ke hannun 'yan kasuwa

Yanzu mu zo kanku, Alhazai da Hajiyoyi, domin ku ne hukumar da ta fi kusa da yaran nan. Mun saba ganin ranar da ɗan kokowa ya yi babban kaye ana shelar kyauta ta lasifika: wane ya ba da kaza, wance ta ba da kaza. Madalla da wannan. Sai dai kyautar ranar nasara girbi ce, shukar kuwa ana yin ta ne a watannin da babu mai kallo.

Na farko, a riƙe yaro a cikin shekara. Dillalin da ke ɗaukar samari masu loda buhuna ya san wanda ƙashinsa ya yi ƙwari. In ya ba shi aiki tsayayye, ya sallame shi da la'asar ya je atisaye, ya kuma ci gaba da biyansa a makonnin sansani, ya yi wa jaha abin da ya fi kyautar rana ɗaya.

Na biyu, a dawo da kokowar ranar kasuwa, da rana tsaka, da izinin hukuma. Ba sai an sa doki ba. Buhun masara, ɗan akuya ko turmin atamfa sun isa su tara samarin garuruwa uku. Kuma taron ba ya tashi a banza: mai ƙosai, mai fura, mai ruwan sanyi da mai shayi duk za su koma gida da wani abu. Matan da suka yi sana'ar abinci a Diffa lokacin gasar 2022 sun san abin da taron kokowa ke kawowa.

Na uku, a yi asusu irin na adashi, da littafi a buɗe. Ƙungiyar 'yan tattasai, ta 'yan kifi, ta mahauta da ta mata masu awo, kowace ta ɗauki abu guda da za ta iya: wannan abincin sansani, waccan kuɗin magani, waccan kuɗin mota. A karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, a rediyo ma in an so, ƙofarmu a buɗe take. Abin da ke kashe irin wannan yunƙuri ba ya wuce kuɗin da ba a san inda suka shiga ba. A kan riƙon amanar asusu kuwa, mun fi natsuwa in littafin yana hannun iyayenmu mata.

Na huɗu, in ɗanmu ya ci wata kyauta, a ware wani abu kaɗan daga gudummawar da aka tara don dandalin da ya fito, domin ƙannensa su samu abin hawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gwarzo ɗaya ma ba ya ɗaukar jaha.

Ga hukumomin wasanni kuma roƙonmu guda ne: a kiyaye dokar goma-goma da zagayen gasa tsakanin jahohi, kada wata rana a ce Diffa ta yi nisa ko ta yi tsada. A ƙwallon ƙafa ma a dubi nauyin tafiya, a tallafa wa kulob gwargwadon kilomitar da yake ci.

Ba za mu yi muku alƙawarin cewa in an yi haka takobi zai kwana a Diffa baɗi ba. Mai jama'a miliyan uku zai ci gaba da fin mu zaɓi, Yamai za ta ci gaba da fin mu albashi. Abin da za mu iya shi ne mu je da ƙarfafa biyar maimakon biyu, mu kuma sa duk jahar da ƙuri'a ta haɗa da mu ta kwana da tunani. Ko ba a kai ga takobi ba, saurayin Bosso da ya tashi da asuba yana gudu a bakin kogi don yana da karawa ranar kasuwa, ya fi ƙarfin mai zuwa ya ruɗe shi da 'yan kuɗi ya ja shi daji. Duk uwar da ta kwana tana jiran ɗanta a shekarun nan ta san wannan riba ta fi doki da rawani.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya kuma ba mai rabo sa'a.